Tambaya da Amsa: Mu bar 'yan sikawut su kwana a gadon lilo?

Tambaya: Malam, ina jagorantar rukunin 'yan sikawut a nan Maraɗi, yara 'yan shekara 12 zuwa 15. Za mu yi zango kusa da tafkin Madarumfa a watan Satumba, sun kuma matsa mini in bar su su kwana a gadon lilo, irin wanda ake ɗaurewa tsakanin itace biyu. Iyaye sun ba ni amanar 'ya'yansu, gabana sai faɗuwa yake. In amince?

Amsa: Ƙanena, ka amince, amma da sharaɗi. Ka san kafa zango da ƙullin igiya, ba sai na koya maka ba. Kar gadon ya wuce santimita 45 daga ƙasa idan yaro ya zauna ciki, yaro ɗaya gado ɗaya, kuma ba a ɗora wani bisa wani. Igiya ta saki kamar digiri 30. A haka kowane gefe yana ɗaukar kimanin nauyin yaron, amma in aka ja ta ta miƙe, sai ya ninka har uku ko fiye. Ku nemi tsamiya ko bedi mai kauri, ka ɗaga kai ka duba busassun rassa, musamman a gawon da makiyaya suka sassare. Shikashikan rumfa da katangar laka, a'a.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da nake ji a kusan kowane horo: wai wanda ya kwana a gadon lilo ya bar ƙasa, ya tsira, don haka ba ya bukatar sange. Daga kunama da maciji, to, da sauƙi. Sauro fa? Tashi yake yi! Kuma gadon lilo ya fi tabarma ba shi dama, domin ƙyallen siriri ne, ya manne da bayan yaro da cinyoyinsa, sauro ya zo ta ƙasa ya soka bakinsa ta cikin yadin har gari ya waye. Satumba kuwa tsakiyar lokacin masassarar cizon sauro ce, ga ku a bakin ruwa. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina, na ƙananan yara ne. Naka sun wuce shekarun.

Ciwon ba ya nunawa a zango. Sai bayan kwana 7 zuwa 15, yaro yana gida, jiki ya ɗau zafi, a ce rana ce ta buge shi, a saya masa ƙwayoyi wajen mai tallar magani a faranti. Ni kam na gaji da masu cewa hayaƙin ganyen bedi ko turaren sauro ya wadatar. A fili, iska na kaɗawa, hayaƙin minti nawa zai yi? Sange mai magani za a rataya a igiya ta sama, ya lulluɓe gadon har ƙarƙashi a ɗaure bakinsa, a kuma shimfiɗa bargo ciki. Wanda bai zo da sange ba, ya shiga tanti da 'yan uwansa, ko ɗan wane ne.

Kafin tafiya ka tuntuɓi jandarmomi kan tsaro, ka san halin da yankin iyaka ke ciki. Ranar dawowa kuma ka tara iyaye ka faɗa musu da bakinka: duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin wata guda, a kai shi asibiti a yi masa gwajin jini a ranar.