Yadda za ka gane ko tsohon kuɗin Rumawa jabu ne

Malam, ka ce an kawo maka dinariyus, wato tsabar kuɗin Rumawa, na zamanin Sarki Agustus, kana tambayar ko na gaske ne.

Fara ɗora shi a sikeli. Na gaske na azurfa ne, nauyinsa wajen giram 3.9. In maganaɗisu ya ja shi, jabu ne, magana ta ƙare. Sai ka duba gefensa da madubin ƙara girma. Rumawa buga dinariyus suke yi da guduma, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak. 'Yan jabu kuwa sun fi yin zubi, wanda ke barin siririn layi a gefe da ƙananan ramuka a fuska, rubutun ma ya fito a dushe.

Don Allah kada ka goge shi ya yi ƙyalli, darajarsa za ka zubar.