CV90: Motar yaƙin Suwidin da aka ƙera domin dusar ƙanƙara da fadama

Tambaya: Na ga hoton wata motar yaƙi mai tafiya a kan sarƙa da ake kira CV90, wadda aka ce Suwidin ta bai wa Yukiren. Shin tankar yaƙi ce? Kuma ta yaya ƙasar da ta daɗe ba ta shiga yaƙi ba ta iya ƙera abin da ƙasashen Turai ke rububin saya?

Amsa: Malam mai tambaya, CV90 ba tanka ba ce, ko da yake duk wanda ya hango sarƙarta da doguwar igwarta zai iya ɗaukarta haka. Tanka aikinta fasa sahun abokan gaba da babbar igwa da sulke mai kauri, ita kuwa wannan an yi ta ne domin ta kai sojojin ƙasa bakin daga, ta sauke su, sannan ta tsaya tare da su tana ba su kariya da wuta. Mutum 3 ke sarrafa ta, wato kwamanda da maharbi da direba, a bayanta kuma tana ɗaukar soja 7 ko 8 da makamansu.

Asalinta yana komawa ne ga farkon shekarun 1980, lokacin Yaƙin Cacar Baka. Suwidin a wancan zamani ƙasa ce 'yar ba-ruwanmu, ba ta cikin ƙawancen NATO (sai a 2024 ta shiga), saboda haka ta san cewa in Tarayyar Sobiyet ta kawo mata hari, da abin da ke hannunta za ta kare kanta. Motar da sojojinta ke amfani da ita, Pbv 302, ta tsufa, igwarta mai faɗin milimita 20 kuma ta yi ƙanƙanta ga motocin Sobiyet na lokacin. Sai hukumar sayen kayan soja ta ƙasar, FMV, ta haɗa kamfanoni biyu: Hägglunds da ke garin Örnsköldsvik ya ɗauki aikin gangar jiki da sarƙa, Bofors kuma ya ɗauki igwa da hasumiyar da take juyawa a kai. An ƙera motocin gwaji 5, aka yi ta gwada su daga 1988 zuwa 1991, a 1991 aka sa hannu a kwangila, zuwa tsakiyar shekarun 1990 kuma motar ta shiga hannun bataliyoyi.

A ganina, sirrin wannan mota yana cikin ƙasar da aka ƙera ta dominta. Arewacin Suwidin daji ne mai duhu, hanyoyi kaɗan ne, da hunturu dusar ƙanƙara tana binne ƙasa, in ta narke kuma wurin ya koma fadama mai haɗiye mota. Shi ya sa masu zanen suka fifita iya tafiya a kan kaurin sulke. Motar farko ba ta wuce kimanin tan 23 ba, an ba ta sarƙa mai faɗi domin nauyinta ya bazu a kan ƙasa, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a rairayi. Injin dizal ne na kamfanin Scania mai ƙarfin doki 550, dangin injunan manyan motocin kamfanin, yana kai ta gudun kilomita 70 a awa. An ajiye shi a gaba ta hannun dama, direba yana gefensa ta hagu, wanda hakan ya bar baya fili ga sojoji da ƙofar fita, ya kuma sa injin ya zama ƙarin garkuwa tsakaninsu da harbin da ke zuwa daga gaba. An yi ta gajera domin ta yi wuyar hange. Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba: sojojin Suwidin na lokacin matasa ne masu aikin soja na tilas, saboda haka dole motar ta zama mai sauƙin koyo, mai sauƙin gyara a daji.

Igwar ma tana da nata labarin. Suwidin ta zaɓi Bofors mai faɗin milimita 40, wadda asalinta ta harbo jiragen sama ce, alhali yawancin takwarorinta na yamma suna da 25 ko 30. Harsashinta ya fi ƙarfi, amma girmansa ya sa guda 24 kawai ke shirye a ƙarƙashin igwar, a rukuni uku na takwas-takwas, wanda ke bai wa maharbi damar sauya irin harsashi gwargwadon abin da ya tunkaro shi. Saboda tsimin kuɗi, motocin farko ba su da na'urar da ke daidaita igwa yayin tafiya, sai a samfuran baya aka gyara wannan. Suwidin ta karɓi motoci 509 gaba ɗaya, cikinsu har da na kakkaɓo jirage, da na kwamanda, da na janyo wadda ta lalace.

Ƙasashen da suka saye ta da farko ba su bi Suwidin kan igwar ba. Norwe ta yi odar 104 a 1994 da igwar Bushmaster ta Amurka mai milimita 30, Suwizalan da Finlan suka bi sahu, Holan da Denmak kuma suka zaɓi mai 35. A 2014 Estoniya ta sayi 44 daga hannun Holan, sannan Sulobakiya ta yi odar 152 a 2022, Jamhuriyar Cek kuma 246 a 2023. Abin da ya jawo su shi ne gangar jikin tana karɓar sauyi, kowa ya ɗora abin da yake so. Amma sauyin yana da farashi, domin sababbin samfura sun haura tan 35, har sai da aka kai ƙarfin injin doki 1000 domin kada saurin da aka san ta da shi ya ɓace.

Abin mamaki shi ne motar da aka yi domin sanyi ta yi aikin waje har a Afirka ta Yamma. A 2004 sojojin Suwidin sun tafi da ita Laberiya cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda sojojin Nijeriya ma suke ciki. Yaƙi na sosai kuwa a Afganistan ta fara ganinsa, inda a ƙarshen 2007 sojojin Norwe suka yi amfani da nisan zangon igwarta a kan mayaƙan Taliban a yankin Ghormach. Can ne kuma rauninta ya bayyana, domin an zana ta ne don harbin da ke zuwa daga gaba, ba don bam da aka binne a hanya ba. A Janairun 2010 irin wannan bam ya kashe wani direba ɗan Norwe, Denmak ma ta rasa sojoji ta wannan hanya a lardin Helmand. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka ƙara wa ƙasan motar sulke a samfuran baya.

Waɗanda ka gani a Yukiren samfurin CV9040C ne, mai ƙarin sulke, kuma a Janairun 2023 Suwidin ta sanar da ba da kimanin 50. A nan ne karon farko motar ta fuskanci irin abokin gabar da aka ƙera ta dominsa. Ba ta fi ƙarfin makami ba: a tsakiyar 2023 sojojin Rasha sun kama guda ɗaya a kusa da Kreminna bayan an harbe ta. Duk da haka sojojin Yukiren sun yaba da yadda take kare waɗanda ke cikinta, abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a motar da ke ɗauke da mutum 10. Barazanar da ta fi damun ta yanzu ita ce ƙananan jirage marasa matuƙi masu faɗowa ta sama, inda sulken ya fi siranta. Holan ta riga ta fara ɗora wa nata na'urar Iron Fist mai tare makami tun kafin ya iso, kuma harsashin Bofors da ake saita wa lokacin fashewa a iska ya sake samun aiki irin wanda aka ƙirƙiri igwar dominsa.