Yadda ake shirya ɓeraye kafin a tura su sararin samaniya

Tambaya: Na ji ana kai ɓeraye tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa domin binciken lafiya. Kwaso su kawai ake yi daga ɗakin gwaji a zuba a kumbo, ko akwai shirin da ake yi musu?

Amsa: Akwai shiri, kuma yakan ɗauki makonni. Abin da ake so a gano shi ne illar rashin nauyi ga ƙashi, tsoka da garkuwar jiki. To amma ɓeran da ya firgita, ko ya ƙi cin abinci, shi ma ramewa zai yi tsokarsa ta zube. Idan ba a kawar da waɗannan dalilai tun a ƙasa ba, ba wanda zai iya cewa ga takamaiman abin da ya jawo ramar.

Daga zaɓe ake farawa. An fi amfani da jinsin C57BL/6, saboda ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne. A tafiyar farko ta shirin binciken ɓeraye na NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a watan Satumba na 2014, ɓeraye 20 aka tura, dukkansu mata. Maza idan aka cunkushe su wuri guda faɗa suke yi har su ji wa juna rauni. Japan ta bi wata hanyar a 2016: maza 12, kowa da ɗakinsa. Ana gwada su a tabbatar ba su ɗauke da wata cuta, tunda iska ɗaya za su shaƙa da 'yan sama jannati, sannan a sa wa kowanne ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Kwamitin kula da lafiyar dabbobin gwaji kuma sai ya amince da tsarin.

Babban aikin shi ne sabo. A cibiyar Kennedy da ke Florida, ana cire ɓerayen daga shimfiɗar da suka saba a mayar da su kan daɓen raga, domin a sama ragar bango suke kamawa su yi yawo, iska kuma ita ke jan kashi da fitsari zuwa na'urar tacewa. Ruwa ba ya ɗigowa da kansa inda babu nauyi, don haka sai sun koyi tura bakin bututu kafin ruwa ya fito. Abinci ma ana sauya musu shi zuwa wani curi mai danshi da ake mannawa a bango, wanda ba ya marmashewa ya toshe na'urar tacewa. Ana auna nauyinsu da abin da suka ci a kai a kai. Babban ɓera yakan ci kimanin giram 3 zuwa 4 a rana. Wanda nauyinsa ke ta sauka, ko ya zama mai cin zalin 'yan'uwansa, cire shi ake yi. Waɗanda suka saba da juna kuwa ba a sake gauraya su.

Abinci da ruwa ne suka fi ba da matsala. A kumbon Rasha na Bion-M1 a 2013, ɓeraye 45 aka tura na kwana 30, amma 16 kacal suka dawo da rai, kuma lalacewar na'urar ba da abinci na cikin manyan dalilai. A Disamban 2018 sai da aka ɗage tashin rokar kamfanin SpaceX da kwana guda saboda an ga fumfuna a abincin ɓerayen. Danshin da ke hana shi marmashewa shi ne kuma ke jawo fumfunar.

Ɓerayen da suka tashi ba su kaɗai ne gwajin ba. Ana barin wani rukuni a ƙasa cikin keji irin na sama sak, a ɗakin da ake kwaikwayon zafi, danshi da yawan iskar kabon na tashar, wanda ya ninka na duniya sau da yawa. Wani rukunin yana zama a kejin da aka saba, wani kuma ana ɗaukar samfurinsa a lokacin tashi. A ganina, rukunin farkon nan ya fi kowanne muhimmanci, domin shi ke raba illar keji da illar rashin nauyi.

Sai a kusan ƙarshe ake loda ɓeraye a kumbo, don kada su daɗe a akwatin jigila. Kuma kullum ana tanadin wasu na ko-ta-kwana da suka sha irin horon, saboda idan yanayi ya sa aka yi ta ɗage tashi, sai a sauke na farko a maye gurbinsu.