Amsa ga yarona a kan karkatar da tayar motar tsere

Ka tambaye ni, yaro, dalilin da ya sa tayoyin motocin tsere da kake kallo a wayarka suke a karkace, samansu ya shige ciki, ƙasansu ya fito waje, da kuma yadda ake yi wa mota haka. Da wani ne daga cikin samarin nan da suka iya riƙe waya amma ba su iya riƙe sifana ba, da ban ɓata yawuna ba.

Idan mota ta shiga kwana da gudu, nauyinta yana komawa kan tayoyin da ke waje, jikinta ya kwanta, tayar ta naɗe ta hau kan gefenta. Karosaj, wato wannan karkatar da muke ba tayar tun tana tsaye, shi ne yake sa ta zauna daram a kan kwalta a daidai lokacin da ake bukatar riƙonta. Motar gari takan fito da rabin digiri zuwa digiri 1, ta filin tsere kuwa ana kai ta digiri 2 zuwa 3 a gaba, a rage kaɗan a baya. Illarsa ita ce a miƙaƙƙiyar hanya robar da ke taɓa ƙasa ta ragu, birki ya ƙara nisa. Duba rotil, wato gaɓar ƙarfe mai kai kamar ƙwallo da ƙafar taya take juyawa a kanta, da robobin ƙafa da iskar taya kafin a fara awo kuwa, wanda sai an gaya masa wannan gara ya koma sayar da fetur a kwalba. Ka sa nauyin direba a kujerarsa, ka rataya igiya mai dalma a gefen taya, ka auna tazara a sama da ƙasan rim. A rim mai inci 17, bambancin kusan milimita 8 shi ne digiri 1.

Abin da ya sa na zauna nake ba ka amsa wani ɗan attajiri ne a nan Garwa, wanda har yau idan na hango irin motarsa raina yakan ɓaci. Ya kawo mini BMW mai ƙofa biyu da aka sauko masa da ita daga Duwala, ya rantse cewa a rufaffen fili kawai zai riƙa gudu da ita tare da abokansa. Na ba ta digiri 2 da rabi a gaba, 1 da rabi a baya, sannan na gyara paralelizim, wato saitin inda bakin tayoyin yake kallo, a ƙarshe, domin duk wanda ya taɓa karosaj ya riga ya ɓata kallon tayoyin, sai ya sake daidaita su. Na buɗe bakin tayoyin gaba milimita 1 domin ta riƙa shiga kwana da sauri, na tsuke na baya kaɗan domin kada gindinta ya riƙa wasa. Na gaya masa a gaban yarana cewa wannan saiti ba na doguwar tafiya ba ne. Ya biya kashi ɗaya cikin uku, ya ce sauran sai ya gwada ta.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo da mutane a bayansa, tayoyin gaba sun cinye ta ciki har ƙarfe ya fito, yana ihu wai na lalata masa mota. Na durƙusa na shafa tayar, na ji zanenta ya yi kaifi gefe guda kamar haƙoran zarto. Karosaj ba ya cin taya haka, a hankali yake ci kuma sumul. Wannan cin na tayar da ake jan ta a gicciye ne, wato bakinta ya buɗe fiye da kima. Na leƙa ƙasa, na ga sabon rotil yana ƙyalli a kan sandar sitiyari, ba irin wanda nake sayowa ba. Daga baya direban gidansu ya faɗa mini cewa sun tafi Marwa da ita, suka faɗa rami, wani mai gyara a bakin hanya ya canza musu rotil da ido, bai ja igiya ba, suka dawo a haka. Bakin taya ya kauce da milimita kaɗan ma ya isa ya cinye sababbin tayoyi, balle abin da aka ɗaura da ka.

Na nuna wa dattawan da aka kira duk wannan, suka ce su ba su san ƙarfe ba, amma sun san mahaifinsa, in yi haƙuri. Haƙurin ya ci mini kuɗin tayoyi biyu, ragowar kuɗin aikina kuma ban sake jin labarinsa ba, shi kuwa yana yawo yana cewa tsohon nan bai san motocin zamani ba. Tun daga ranar nake rubuta awon kowace ƙafa a takarda mai mota ya sa hannu, in kuma ɗiga fenti a kan notin sandar sitiyari, domin duk wanda ya kwance shi bayana fentin zai tona shi.

Ku yaran yanzu kuna son a ba ku lamba ɗaya ku haddace, alhali tayar ce take faɗin gaskiya. Da zarar mota ta tsaya daga zagaye, kafin ta huce, ka auna zafin tayar a gefen ciki da tsakiya da gefen waje. Idan na ciki ya fi na waje da digiri 5 zuwa 10 na ma'aunin zafi, ka kusa daidai. Idan na waje ya fi zafi, ka ƙara karosaj, idan kuma tsakiya ce ta fi, iska ta yi yawa, abin da ke saurin faruwa a zafin Maris da Afrilu na garin nan. Duk lokacin da ka ƙara ko ka rage, ka sauke motar daga jak, ka tura ta gaba da baya ƙafafun su zauna, sannan ka sake jan igiyar paralelizim daga farko.