Likita, ina sugan da muka ci yake tafiya?

Tambaya: Likita abinci mai sitaci da na ci ya wuce buƙata, ina yake zuwa?

Amsa: Ciki na narkar da shi ya koma gulukos, wato sugan da ke yawo a jini, sai insulin, sinadarin jiki mai daidaita suga, ya kai shi rumbu, wato a adana shi a matsayin gilaikojin, wajen giram 100 a hanta, kusan 400 a tsokoki. In rumbu ya cika saura kitse yake zama.

Tambaya: Na rage sitaci sati ɗaya na ga kilo biyu sun tafi, kitse ne ya narke?

Amsa: Yawanci ruwa ne 'yar'uwa, kowane giram na gilaikojin yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Kar ki yi saurin murna.

Tambaya: Mahaifina na da ciwon suga, wani ya ce ya daina sitaci gaba ɗaya ya riƙa shan jiƙo mai ɗaci zai wanke sugan, yana kuma shan ƙwayoyin maganinsa na suga, yanzu da safe sai ya kama rawar jiki da gumi.

Amsa: Wannan ita ta hana ni sakat. Ɗan'uwa ku kai Baba asibiti yau, ba gobe ba. Ɗaci ba ya wanke suga, wallahi na gaji da jin maganar nan, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin jiƙon balle abin da zai yi wa ƙoda da hanta.

Ka gane, cikin dare hanta ce ke sakin ajiyarta kaɗan kaɗan don ƙwaƙwalwa ta samu gulukos, na tsoka kuwa tsokar kaɗai ke cin abinta ba ta ba jini, kuma ajiyar hantar ba ta wuce kamar kwana guda in ba a ci ba. To an hana shi abinci, rumbu ya zama wayam, ga magani na ta janye sugan jini, me kake tsammani? Rawar jiki da gumin nan alamar sugansa ya faɗi ne, in ya yi ƙasa da 70 (mg/dL) a na'urar auna suga akwai hatsari, mutum na iya suma.

In rawar jikin ta kama shi yana cikin hayyacinsa ku dama suga cokalin shayi 3 ko 4 ya sha, ku sake aunawa bayan minti 15. In ya suma kar a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe, a ɗauke shi sai asibiti. Jiƙon a zubar. Kar kuma ku tsayar da maganin da kanku, likitansa ne zai daidaita shi da abincin, ku je masa yau ɗin nan don Allah.