Na Yi Dariya a Zaman Makokin Mijina

TAMBAYA: Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni Kirista ce, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Maigidana ya rasu watan jiya, ya bar ni da yara uku. A dare na uku na zaman makoki, maƙwabciyarmu Hajiya, wadda tun ranar rasuwar ba ta daina aiko mana da tuwo ba, ta ɗauko labarin tsohon babur ɗinsa da ba ya tashi sai yaran layi sun tura, shi kuwa yana bisa yana ba su umarni kamar direban tirela. Ban san sanda na fashe da dariya ba, har da hawaye. Washegari wata 'yar'uwa a ikilisiyarmu ta ja ni gefe, ta ce abin kunya ne, kuma wai na cika sakin jiki da waɗanda ba masu bi ba. Tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Na yi zunubi ne?
Wata 'yar'uwa, Katsina.

AMSA: Ɗiyata, sannu da rashi. Ya ƙarin haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya abin da ya bari.

Ba ki yi zunubi ba. Na fara da wannan ne don ki samu ki runtsa yau.

Buɗe littafin Ayuba, ƙarshen sura ta 2. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da suka ji abin da ya same shi, suka taso suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, babu wanda ya ce uffan. Iyakar alherin da suka yi masa ke nan. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa sai suka ɓata rawarsu da tsalle, har a sura ta 42 Ubangiji ya ce ya husata da su. To ki auna da kanki: tsakanin wadda ta zo da langar tuwo ta zauna a tabarmarki, da wadda ta ja ki gefe tana lissafa miki kuskure, wa ta yi irin kwana bakwai na farko?

Ni ma ya taɓa faruwa da ni. Da innata ta rasu a ƙauyenmu can wajen Malumfashi, gidan ya cika da dangi iri uku, domin haka zuriyarmu take: mu 'yan coci, su Baffa da 'ya'yansa Musulmi, sai wata tsohuwar gwaggo da har ta koma ga Mahaliccinta ba ta bar al'adar Maguzawa ba. 'Ya'yan Baffa ne suka haƙa kabarin. Matan Zumunta na coci suka kwana suna waƙa suna buga tulu, matan su Baffa suna gindin murhu suna dama kunu. Can cikin dare gwaggo, goro a kumatu, ta tashi ta kwaikwayi yadda Inna take cinikin manja, ta kama ƙugu, ta juya baya kamar za ta tafi, ta waigo da ido ɗaya ta ga ko mai kaya zai kira ta. Muka yi ta dariya har ana riƙe ciki, daga nan kuma kuka ya dawo sabo. Amma daren ne na fara iya haɗiye abinci. Ashe ba ni kaɗai na san ta ba, ba ni kaɗai na yi rashi ba.

Abin da Hajiya ta gaya miki ke nan a fakaice. Babur ɗin nan da yaranta suka tura, su ma sun rasa mai shi.

Batun sakin jiki kuwa, ina so 'yar'uwar nan ta sake karanta Romawa 12. Aya ta 15 ta ce mu yi murna da masu murna, mu yi kuka da masu kuka, ba ta ce sai an tambayi inda mai kukan yake sujada ba. Aya ta 18 ma cewa ta yi mu zauna lafiya da kowa iyakar iyawarmu. Mu a Jihar Katsina ai ba sai an yi mana dogon wa'azi ba. A daren 11 ga Disamba 2020 da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, wace uwa ce ta yi barci? Ranar Lahadin nan a cocinmu mata suka durƙusa suna kuka saboda yaran da ba su taɓa gani ba. Da aka sako su ranar 17 ga wata, su 344, na leƙa ta katanga na yi wa maƙwabciyata barka, ta yi mini, alhali babu ɗan kowa a cikinmu. Kirsimetin waccan shekarar bai kai wannan yinin daɗi ba a wurina.

Kada ki riƙe 'yar'uwar a zuci. Wataƙila haka aka yi mata lokacin nata rashin, ta ɗauka dokar Allah ce alhali tsoron bakin mutane ne. Ki gaishe ta ranar Lahadi kamar kullum. In ta sake tayar da zancen, ki ce ta zo ta taya ki kwana ɗaya, yaran suna bukatar mai yi musu hira.

Kuma ki sani kukan bai ƙare ba. Zai zo miki a kasuwa, zai zo in kin ga takalminsa a bayan ƙofa. Ki bar shi ya zo, Yesu ma ya yi hawaye a Betanya kan Li'azaru.

In kin ɗan ji ƙarfi, ki taka da ƙafarki ki je ki yi wa Hajiya ban gajiya, ki tafi da babban ɗanki. Ki roƙe ta ta sake ba da labarin babur ɗin a gabansa, yaran layin da suka tura ma a kira su su cika inda ta manta.