Wane sauti zan ɗauka in gina kiɗa da shi a kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka ce kana Yamai, kana son haɗa kiɗa daga sautukan da ka ɗauka da kanka, amma komai ka sarrafa sai ya fito a cakuɗe. Matsalar tana wajen asalin sautin. Tun 1948 Pierre Schaeffer, wani Bafaranshe mai haɗa kiɗa, ya gina kiɗa da ƙarar jirgin ƙasa a gidan rediyon Faransa, ya kuma gano cewa in ka yanke farkon bugun ƙararrawa, kunne ba ya gane ta. Wannan ɗan farkon shi ke faɗa wa mai saurare ko mene ne.

Don haka nemi abu mai bugu a fili da dogon amo: turmi da taɓarya, ƙwarya a kife cikin ruwa, kalangu, guduma a maƙera. Hayaniyar Babbar Kasuwa kuwa shimfiɗa ce ta baya. In ka sassauta gudunta sai ta dagule.

Saita ingancin ɗaukar sauti a na'urarka a 48 kHz, bit 24, makirufo kamar taƙi ɗaya ko biyu daga abin, ƙololuwar ƙara kusa da -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na na'urar, don sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Da hunturu rufe makirufo da soso, iska tana cika ƙasan sautin da rugugi. In ka ji gurnani, wutar lantarki ce mai 50 Hz: cire caja, yi aiki da batir.

A Audacity, manhajar gyaran sauti, rage gudun sautin taɓarya da rabi: muryarta za ta sauka okitaf ɗaya, wato ta ƙara kauri, ta yi nauyin ganga. Kada ka zuba amsa-kuwwa tun farko, tana shafe bugun da ka sha wahalar kamawa.